Mazauni mai hawa, na ratayawa ko mai tsani: wanne ya dace da mai farautar barewa a dazukan Amurka?

Duk wanda ya yanki lasisin farauta a gabashin Amurka ko kudancin Kanada zai lura cewa yawancin masu neman barewa mai farar wutsiya ba a ƙasa suke dakonta ba. Sama suke hawa, ƙafa 15 zuwa 20, wato mita huɗu da rabi zuwa shida, su zauna a jikin bishiya tun gari bai waye ba. Daga can ido yana kaiwa nesa ta saman ciyayi, motsin hannu ba ya faɗawa daidai idon dabbar, warin jiki yakan ɗan bi iska ta sama kafin ya sauko, kuma harsashi ko kibiya in sun kuskure ƙasa suke shiga. Abin da ake zama a kai ne ya kasu iri-iri, kuma a nan sabon shiga ke yawan zubar da kuɗi a banza.

Iri huɗu ne a kasuwa. Akwai mazauni mai hawa, wanda ɓangarori biyu ne da mutum ke rarrafawa da su sama a jikin bishiya ba tare da tsani ba. Akwai na ratayawa, ƙaramin dandamali da kujera da ake ɗaurewa a sama, a hau wurinsa da sandunan taka. Akwai mai tsani, wanda tsaninsa da kujerarsa haɗe suke. Sai sirdin bishiya, ɗamarar da mutum ke zama a ciki yana rataye da igiya, wanda ya yi tashe a 'yan shekarun nan. Ra'ayinmu tun daga farko shi ne kada mutum ya fara da duba kaya a kanti. Ya fara shiga dajin da zai yi farauta a ciki, ya dubi itatuwan da ke daidai inda sawun barewa yake, domin su ne za su gaya masa abin da zai saya.

Yadda mai hawa ke riƙe bishiya

Riƙonsa gaba ɗaya a nauyinka yake. Kowane ɓangare, na sama mai kujera da na ƙasa da ake tsayawa a kai, yana da haƙoran ƙarfe masu cizon bishiya ta gaba, da kebur ko bel da ke zagaya ta ta baya, sama da haƙoran kaɗan. Idan ka taka bakin dandamalin na waje, nauyinka yana jan kebur ɗin ya matse bayan bishiya, ya kuma danna haƙoran cikin ɓawo. Idan aka ɗaga wannan bakin, riƙon ya saki. Ba noti, ba ƙulli, ba wani abin da ke riƙe shi ban da wannan. Wanda ya gane haka ya gane kusan duk matsalolin da za mu ambata a ƙasa.

Hawan kansa haka yake: ka fuskanci bishiya, ka zura ƙafafu cikin maɗauran dandamali, ka ɗora nauyinka a ɓangaren sama, ka karkata yatsun ƙafa ƙasa don haƙoran su saki, ka jawo gwiwoyi sama, ka kafa haƙoran a sabon wuri, ka danna da dunduniya sannu a hankali har ka ji ya ciza. Sai ka miƙe, ka matsar da igiyar tsaronka, wadda ta haɗa ɗamarar jikinka da bishiya, sama, ka ɗaga ɓangaren sama, ka sake. Kowane taki kada ya wuce santimita 25 zuwa 30. Dogon taki yana sa dandamali ya kafu a karkace, ga ƙara, ga gajiyar cinya.

Irin wannan mazauni ya yaɗu ne a kudancin Amurka, inda dazukan pine masu miƙaƙƙen jiki suka cika ko'ina. Na kamfanin Baker na jihar Jojiya, da ya yi suna a shekarun 1970, dandamalin katako ne mai bakin ƙarfe, mutum ya rungumi bishiya da hannu yana jan kansa sama, kuma tsofaffin mafarauta har yau suna ba da labarin yadda yake sulluɓowa da mutum har ƙasa. Na yanzu sun yi masa nisa ƙwarai, amma sharaɗin bai canza ba: bishiya miƙaƙƙiya, mai rai, wadda ba ta da reshe daga gindi har inda za ka zauna.

Zaɓi a cikin masu hawan su kansu

Bambanci na farko shi ne gaban kujerar. Wasu suna da ƙarfe da ya kewaye mutum ta gaba, kamar Summit Viper SD, wanda nauyinsa kusan kilo 9 ne, yana ɗaukar har laba 300, wato kilo 136, yana kuma kama bishiya mai kaurin inci 8 zuwa 20. A kan wannan ƙarfen ake zama lokacin hawa, don haka ba a buƙatar ƙarfin damtse. A sama kuma yana ba mutum natsuwa, ya zama abin ɗora bindiga. Mai bindiga, ko mai jiki, ko wanda zai wuni a sama a watan Nuwamba lokacin barbara, wannan ya fi masa. Illarsa ga mai baka ce: in barewa ta zo kusa da gindin bishiya, ƙasan bakan yana iya bugun ƙarfen lokacin sakin kibiya. Maganinsa a sauko da ɓangaren sama zuwa daidai gwiwa, a kuma miƙe tsaye a yi harbi.

Masu buɗaɗɗen gaba, irin Summit OpenShot ko Hand Climber na kamfanin Lone Wolf, sun fi sauƙin nauyi, kilo 7 zuwa 8, ba abin da ke tare baka. Sai dai da gwiwar hannu da ƙirji ake dogarawa a kan kujerar a jawo ƙafafu, kuma wanda cikinsa ya yi gaba ko kafaɗarsa ke ciwo zai ji jiki kafin ya kai ƙafa 15. Kujerar ma ƙarama ce. Zaman awa uku da yamma ba laifi, na wuni guda kuwa azaba ne.

Na biyu shi ne abin da ke zagaya bishiya. Kebur na ƙarfe mai rufin roba yana da tauri, don haka yana tsayawa a buɗe, ba ya maƙalewa a ɓawo lokacin ɗagawa. Aibinsa rufin robar yana goguwa, ruwa ya shiga, tsatsa ta ci wayar a ɓoye. Bel ɗin roba mai haƙora, irin na Lone Wolf, shiru yake, yana kama ɓawo sosai, yana kuma sauka zuwa bishiya mai kaurin inci 6. Amma yana lanƙwashewa ya maƙale a ɓawo mai kaushi, kuma dole a tabbatar makullinsa ya rufe tsaf kafin a taka. Mazaunin da ke amfani da bel yawanci yana ninkuwa ya kwanta a baya kamar faranti, abin da ke da amfani ƙwarai in za ka ratsa sarƙaƙiya. Mai kebur kuwa yana da faɗi a baya, kowane reshe sai ya taɓa shi.

Na uku ƙarfen ne. Na alminiyam ya fi tsada, mai kyau daga dala 300 yake farawa, amma ba ya tsatsa. Na baƙin ƙarfe ya fi araha, sai dai yana kai kilo 13, kuma in ruwa ya taru a cikin bututunsa ya daskare da hunturu yana iya tsaga shi. In tafiyarka daga mota ba ta wuce minti goma ba, baƙin ƙarfe ya isa. In kilomita ɗaya ce ko fiye, kilo huɗun nan sai ka ji su a ƙashin baya. A kula kuma, nauyin da aka rubuta a jiki ya haɗa da kai da takalma da kayan sanyi da jaka da makami. Mai kilo 120 da kayansa ya riga ya kai bakin iyaka, gara ya nemi mai ɗaukar laba 350, wato kusan kilo 159.

Matsalolin mai hawa da dalilansu

Wadda ta fi kowace yawa ita ce dandamali ya sunkuya a sama. Bishiya tana sirancewa ne daga gindi zuwa sama, saboda haka zoben kebur da ya yi daidai a ƙasa zai yi sako-sako a ƙafa 18, bakin dandamali ya zube ƙasa, ka zauna kana zamewa gaba. Shi ya sa ake ɗaura shi a gindi da bakinsa na waje a ɗage, kamar faɗin tafin hannu sama da haƙoran in bishiyar ba ta cika sirancewa ba, fiye da haka in gindinta ya buɗe sosai. Kafin ka ɗaura, ja baya ka dubi kaurin bishiyar a inda za ka zauna, ka kwatanta da na daidai ƙirjinka. Ƙulli ɗaya cikin waɗanda ake daidaita tsawon kebur da su yana kawo bambanci mai yawa, don haka kada a tsallake biyu a lokaci guda. In gindin ya kumbura, ɗaura mazaunin sama da kumburin ka hau shi daga nan. Ya ɗan ɗaga a sama ya fi ya sunkuya, domin ɗagaggen yana ƙara cizo. In ka kai sama ka ga ya sunkuya da yawa, ka sauka ka gyara. Kada ka taɓa kwance kebur ɗin dandamalin da kake tsaye a kai, ko da kana ganin nauyinka na kan kujera. Minti goman da kake son cetowa ba su kai ƙashin bayanka ba.

Ta biyu ita ce ɓangaren ƙasa ya kuɓuce daga ƙafa ya sulale zuwa gindi, ya bar mutum a rataye a kan kujera. Hakan na faruwa in maɗauran ƙafa sun yi wa takalmi yawa, ko robar da ke riƙe dunduniya ta saki. Kowane mazauni yana zuwa da igiya mai haɗa sama da ƙasa, kuma mutane da yawa suna cire ta wai tana harɗe su. Kada a cire. Tsawonta ma abin dubawa ne: in ta yi tsayi, dandamalin zai tsaya a inda ƙafarka ba ta kaiwa, amfaninta ya tafi. Gwada a tsayin mita ɗaya daga ƙasa, ka sake shi da gangan kana zaune, ka ga ko za ka iya jawo shi ka mayar da ƙafafunka. Ka yi gwajin da takalman hunturu, ba da takalman da kake sawa a gida ba.

Ta uku, ɓangaren sama ne ke faɗowa. Da zarar ka miƙe tsaye babu nauyi a kansa, gwiwa ta ɗan taɓa shi sai ya zube kan ƙafafunka da ƙarar da za ta kori duk barewar da ke kusa. In ka kai inda za ka zauna, ka tamke shi a jikin bishiya da maɗaurin da aka tanada don haka. Wasu suna ƙara maɗaurai biyu a gefe da gefe masu haɗa sama da ƙasa, a ja su su yi tsam, sai ɓangarorin biyu su zama kamar abu ɗaya.

Ta huɗu zamewa ce. Dalilinta ko dai ƙafa ko ɓawo. Wanda ya tsaya dab da bishiya, a kan haƙoran, ya rage ƙarfin matsewar, musamman in ya taka gefe ɗaya. Nauyi ya kasance a tsakiya zuwa bakin waje. Game da ɓawo kuwa, itatuwa masu santsin jiki irin beech da sycamore da birch da aspen ba sa ba haƙora wurin kamawa, shagbark hickory kuma ɓawonta ɓanɓarewa yake yi falle-falle ya tafi da haƙoran. Oak da tulip poplar da pine sun fi kyau, ko da yake pine za ta shafe maka kebur da hannu da ƙaro. Bishiyar da ta jiƙe sannan ta daskare cikin dare, ko wace iri ce, a bar ta. A kuma ɗaga kai a dubi sama kafin a hau. Tun da aka gano wani ƙwaro mai kashe bishiyar ash a kusa da Detroit a 2002, dazukan jihohi da yawa sun cika da matattun ash a tsaye, miƙaƙƙu, marasa rassa a ƙasa, daidai irin wadda mai hawa ke nema da ido. Bayan ganye ya zube da wuya a bambanta ta da mai rai cikin duhu. Ɓawon da ya yi fari-fari saboda saran tsuntsu, da busassun rassa a ƙasa kewaye da gindi, alamu ne. Zaɓen bishiya aikin rana ne, a sa mata alama, a dawo da asuba.

Sai ƙara. Ƙarfe da ƙarfe in sun haɗu a daji mai sanyi ana ji daga nesa. A naɗe duk wurin da ɓangarorin biyu ke haɗuwa lokacin ɗauka da tef mai laushi irin na yadi, a ɗaure su gam kafin a goya, a soke bakin kebur kada ya yi lilo. Ƙiiƙii da ake ji in an motsa daga mahaɗa yake fitowa, inda wasa ta roba ta cinye. A canza ta, a ɗaure notin daidai, kada a zuba man inji mai wari. Hawa kansa yana da ƙarar karce ɓawo, ba yadda za a yi a kawar da ita duka. Ana rage ta ne da janye haƙoran daga jikin bishiya kafin a ɗaga, maimakon jan su a kai. Sauri ya haifi nawa: wanda ya hau cikin minti biyar ya sanar da daji zuwansa, ya kuma jiƙe da gumi wanda zai zame masa sanyi bayan awa ɗaya. A bar babbar rigar sanyi a ƙasa tare da jaka, a jawo su da igiya bayan an zauna.

Akwai kuma aibin da gyara ba ya kaiwa gare shi. Bishiyar da mai hawa ke so ita ce mafi ƙarancin rufi. Bayan ganye ya kaɗe, mutum a jikin sandararriyar bishiya yana fitowa sarai a kan hasken sama, kuma tsohon namijin barewa yana ɗaga kai. Wasu sai su ƙara hawa zuwa ƙafa 25 ko 30, amma gwargwadon tsayi gwargwadon ƙuncin wurin harbi: daga sama sosai kibiya takan kama huhu ɗaya kawai, dabbar ta tafi da rauni ta yi nisa. Abin da ya fi shi ne a nemi bishiya mai wata a bayanta, ko wadda ke kusa da itace mai ganye duk shekara, ko a tsaya daidai ƙarƙashin rassan farko.

Na ratayawa da sanduna

Duk inda mai hawa ya gaza, nan wannan ke cin kasuwa. Bishiya mai rassa, mai karkata, mai rabuwa biyu, duk yana shiga. A gefen gonakin masara da waken suya na Iowa ko Illinois, da bakin rafi inda itatuwa suke a murɗe, sau da yawa za ka yi tafiya mai nisa ba ka ga bishiya ɗaya da mai hawa zai kama ba. Da na ratayawa kai ne ke zaɓen wuri bisa iska da sawu, sannan ka nemi bishiya. Da mai hawa kuwa bishiya ce ke ja ka, wani lokaci ta ajiye ka mita 40 daga hanyar barewa, nesa da inda baka ke kaiwa. A ganinmu wannan shi ne bambanci mafi girma tsakaninsu, ya fi batun nauyi da kuɗi.

Nauyin ma bai bambanta sosai ba. Dandamali mai sauƙi kilo 5 zuwa 6 ne, sanduna huɗu kuma kowace kusan kilo ɗaya, jimla ta zo daidai da mai hawa. Abin da ya ƙaru shi ne aiki. Ana ɗaura sanda ta farko daga ƙasa, a hau, a ɗaura ta biyu, haka har sama, mutum yana jingine da igiyar ƙugu wadda ta zagaya bishiya, kamar yadda masu hawan giginya ke yi, hannayensa biyu a sake. Kowace sanda bayan an ɗaure ta sai a finciko ta ƙasa da ƙarfi don ta zauna, in ba haka ba za ta zauna ne lokacin da ka taka ta. In igiyar ƙugu ta ci karo da reshe, a ɗaura wata igiyar sama da reshen kafin a kwance ta farko. Dandamalin kuma ana ɗaure shi yana ninke sama, a jawo shi ƙasa, sannan a buɗe shi a danna, hakan ne ke sa maɗaurin ya yi tsam. Sandar ƙarshe ta wuce dandamali tsayi, yadda za ka tako ƙasa zuwa tsakiyarsa, ba ka yi ta miƙa ƙafa sama kana tura shi gefe ba. Wannan ƙetarawa daga sanda zuwa dandamali, da komowa, nan ne haɗari ya fi yawa.

In an bar shi a daji, abokan gabansa uku ne: rana mai cin zaren maɗauri, kurege mai gaigayar sa, da bishiyar kanta da ke ƙara kauri duk shekara tana ja har ya tsinke. Wayoyi biyun da ke riƙe dandamali su ma suna tsatsa a bakin mahaɗa. Mazaunin da ya kwana shekara biyu a bishiya ba abin takawa ba ne sai an sauke shi an duba.

Mai tsani da sirdi

Mai tsani shi ne mafi sauƙin hawa, mafi wuyar kafawa. Yana kai kilo 25 zuwa 45, masu ƙera shi suna cewa mutum uku za su tayar da shi, kuma da gaskiyarsu. Lokacin da ya fi haɗari shi ne hawan farko, kafin a ɗaure samansa. Dole a fara gitta dogayen igiyoyi biyun da ke zuwa da shi ta bayan bishiya a ɗaure su a tsanin, a kafa ƙarfen tokare na tsakiya, a danna ƙafafun tsanin cikin ƙasa har su daina nutsewa, mutum biyu su riƙe, sannan na uku ya hau. In ƙasar tana da laushi a shimfiɗa katako, don kada ƙafa ɗaya ta nutse bayan ruwan sama. Wanda ke da gona, ko ya samu izini a filin wani, ko zai kai ɗansa ko dattijo, wannan ne nasa, akwai ma mai kujerar mutum biyu. Na mutum ɗaya sau da yawa bai kai dala 200 ba. Amma inda ka kafa shi nan zai ƙare kakar, ko iska ta juya, kuma bareyi suna koyon kauce masa in an cika zama.

Sirdi kuwa ɗamara ce da mutum ke zama a ciki yana rataye da igiya, fuskarsa ga bishiya, ƙafafunsa a kan ɗan ƙaramin dandamali. Shi kansa bai wuce kilo ɗaya ba, amma sai da sanduna. Yana ba da damar ɓuya a bayan bishiya da harbi kusan ta kowane gefe. Yana matse ƙugu, yana cin gwiwa in ba a sa matashi ba, kuma sai an yi makonni ana koyo. Ba ma ba sabon mafarauci shawarar ya fara da shi.

Doka, da lokacin salla

A filin gwamnati kowace jiha da ƙa'idarta. A Michigan, misali, an hana matakalar da ake murzawa cikin jikin bishiya, dole mazaunin da aka bari ya ɗauki alamar mai shi, ba a kafa shi kafin 1 ga Satumba, kuma a cire shi zuwa 1 ga Maris. Wurare da yawa sun hana sare reshe mai rai, wanda ke nufin reshe ɗaya tak ya isa ya hana mai hawa wucewa. A karanta littafin dokar farauta na shekarar, domin yana canzawa. Abin da aka bari a filin gwamnati kuma ana sacewa, ko ka zo ka tarar da wani a kai. Wannan ne babban abin da ke sa mai hawa ya ci gaba da farin jini: ka shigo da shi a baya, ka fita da shi, ba wanda ya san inda ka zauna.

Ga Musulmi akwai wani lissafin da takardar kamfani ba za ta faɗa ba. A jihohi da yawa ana fara harbi rabin awa kafin fitowar rana, alfijir kuwa yana ketowa fiye da awa ɗaya kafin ta fito. Wanda ya yi Asuba a wurin mota yana da ɗan lokaci kaɗan, kuma mai hawa yana cin minti 20 zuwa 30 tsakanin ɗaurawa da hawa a natse. Mai wuni a sama kuma zai sauko don Azahar da La'asar, waɗanda ke kusa da juna a gajerun ranakun Nuwamba. Daga mai tsani ko na ratayawa saukowa minti biyu ce. Daga mai hawa sai ka sauko da mazaunin duka, ka sake hawa da duk ƙararsa. Mai irin wannan niyya ya sa hakan a ma'auni.

Ɗamara

Ko wanne ka zaɓa, ɗamarar jiki cikakkiya, mai kama kafaɗu da ƙirji da cinyoyi, ba zaɓi ba ce. Faɗowa daga bishiya yana cikin manyan abubuwan da ke nakasa masu farautar barewa, kuma yawanci lokacin hawa ko sauka ne, ba lokacin zama ba. Don haka a haɗa igiya da bishiya tun ƙafa tana ƙasa. A nan mai hawa yana da fifiko guda: tunda ba reshe, igiyar tsaro tana bin ka taki bayan taki, kullum sama da kai. Mazaunin da aka kafa kuwa a sa masa doguwar igiya daga sama har gindi, mai ƙullin Prusik da ake turawa da hannu, wanda ke shaƙewa da kansa in an faɗi. A sama, a ɗaura igiyar yadda in ka zauna ba ta da sako-sako, don in ka zame kada ka wuce dandamali. Tsohon bel ɗin ƙugu kaɗai a jefar da shi, yana iya kifar da mutum ko ya danne masa numfashi.

Ratayuwa cikin ɗamara ita ma tana kisa in ta daɗe, domin jini yana taruwa a ƙafafu har mutum ya suma. Maɗaurin da ake takawa don sauƙaƙa matsin cinya ya kasance a aljihun da hannu ke kaiwa, tare da waya da usur, ba cikin jakar da ke rataye a reshe ba. Wani a gida ya san inda kake da lokacin dawowarka. Bindiga kuma babu harsashi a cikinta lokacin da ake jawo ta da igiya, bakinta yana kallon ƙasa.

Wanda zai sayi na hannu ya nemi tambarin da ke nuna an ƙera shi bisa ƙa'idar ƙungiyar masu ƙera mazaunan bishiya, TMA, ya kuma duba sunan samfurin a shafin CPSC, hukumar Amurka mai kula da amincin kayan masarufi, ko yana cikin waɗanda aka janye daga kasuwa. Ya bi kowace walda da fitila yana neman tsaga mai sirin gashi, ya lanƙwasa kebur a hankali ya ga ko akwai kumburi ko jan tsatsa a ƙarƙashin robar, ya tabbatar fil da noti na kamfanin ne ba na kantin kayan gini ba. Kebur da maɗaurai ya sayi sababbi daga kamfanin da ya ƙera mazaunin. Ɗamarar da ta zo tare da shi kuwa ya dubi kwanan watan da ke jikinta: yawancin masu ƙerawa shekara biyar suke ba ta, kuma wadda ta taɓa tare mutum a faɗuwa ba a sake amfani da ita.